Makullin Gidan Sindre

Wata shida ke nan Sindre yana koya wa Divina yaren Norway, tun zuwanta garin Bodø daga ƙasar Filifin aikin jinya, har soyayya ta shiga tsakaninsu. Yau ko littafin bai buɗe ba, makulli ya ajiye a gabanta.

"Na gidana ne. Ki dawo mu zauna tare."

Ta saci kallon hannunsa ko akwai zoben baiko. Babu.

"Auren fa?"

"Wane aure? Iyayena ma shekara talatin suna tare, ba su yi ba."

Divina ta tura masa makullin, ta ce da yarensa, a hankali, "A'a, na gode."

Karon farko ke nan da Sindre bai sami abin gyarawa a maganarta ba.