Bayan Igiya

"Koma bayan igiya, yallaɓai."

Shi kansa direban sai da ya tsorata da abin da bakinsa ya furta. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar Larabawa, bai taɓa ce masa komai ba sai "to". Yau an rasa mai tsare gefen fili a wasan zari-ruga, aka miƙa masa aikin, shi da tun safe yake safa da marwa tsakanin unguwannin Khumra da Bani Malik har ƙafafunsa sun kumbura.

Kafilin, wanda shi ne kocin ƙungiyar, ya ɗaga igiyar zai shiga filin.

"Kai za ka hana ni?"

"Ni aka sa. Yalla, koma."

Kafilin ya ja da baya yana huci. Bai gama tsayawa ba ƙarti biyu cikin 'yan wasan suka zo a guje, suka zube daidai inda ya bari, har turken igiyar ya karye.

Da aka tashi, direban ya buɗe wa kafilin ƙofar baya ta motar, yana tunanin makomar iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar. Kafilin ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zagaya, ya zauna gaban sitiyari.

"Kawo makulli," in ji shi. "Ka gaji."