Tukunyar da Ba Ta Ƙanzo

Kin tambaye ni ko tukunyar nan mai tsada, wadda abinci ba ya kama mata gindi, ta cancanci kuɗinta. Ni ba zan ce miki e ko a'a ba. Ki dai saurari labarin wata mai kitso.

Mace ce mai son bin diddigi, in abu ya ɗaure mata kai ba ta barinsa sai ta ga ƙwal uwar daka. Wata rana ta shiga yi wa maƙwabciyarta kitso, wata ma'aikaciyar asibiti da ke zaune daga ita sai mijinta, ta tarar tana soya ƙwai a wata baƙar tukunya mai santsi, irin wadda 'yan kasuwa ke kira nonsitik. Man da ta zuba ko cokali bai cika ba. Da ƙwan ya soyu sai ta karkata tukunyar kawai, ya sulale ya faɗa faranti, ta sa tsumma ta shafe, wanki ya ƙare ke nan. Mai kitso ta karɓi tukunyar ta juya, ta shinshina, ta ɗiga mata ruwa, ta ga ruwan ya dunƙule yana gudu kamar a kan ganyen gwaza. Abin ya tsaya mata a rai ƙwarai, don ita kullum safiya sai ta durƙusa tana kankarar ƙanzon tuwon jiya har farcenta ya tsage, ga shi kuwa da yatsun nan take cin abinci. Ta daure ta tara abin da ta samu a kitso, ta sayo babba, tsohuwar tukunyarta ta dalma kuwa ta miƙa wa 'yan gwangwan ko waiwaye babu. A faɗi gaskiya, sabuwar ba ta yi mata ƙarya ba. Tuwo ya riƙa fitowa sumul, gindin tukunya fes, har mata suna leƙowa kallo tana yi musu bayani kamar ita ta ƙera.

To, a gidan mai kitson akwai uban mijinta, tsoho ne haƙora sun zube, ciki kuma ya zama mai zaɓe. Tun marigayiya uwar mijin tana raye ta ce da ita kada ta zubar da ƙanzo, ta riƙa shanya shi a faifai bisa rumfa. Haka take yi, kullum kuma faifan yakan wayi gari wayam, ita a zatonta kaji ne ke morewa. Ki ji abin mamaki: matar da ke tambayar yadda jirgi ke tsayawa a sama ba ta taɓa tambayar inda ƙanzon gidanta ke zuwa ba, don kunyar surukai ta rufe mata baki. Ashe tsohon ne ke kwashewa, ya jiƙa ya dama da nono, kuma shi ne kaɗai abin da cikinsa ke karɓa da daɗi. Da sabuwar tukunya ta shigo, sai ya je ya shafa faifai ya ji ba komai, ya koma zaure. Dattijo ba zai buɗi baki ya roƙi matar ɗansa kankarar tukunya ba, ko da yunwa za ta kashe shi. Ta aika masa koko, ya dawo an ɗan kurɓa. Ta gwada shayi da burodi, ta gwada fate, ta gwada alkubus, kowane kwano ya komo kusan yadda ya tafi. Tsoho yana ta zubewa, ita kuma tsoro ya kama ta, ta yi ta juya abin a ranta tana neman cutar da ta hana shi ci.

Ana haka 'yar tsohon, ƙanwar mijinta, ta zo ganin gida. Ta dubi ubanta, ta dubi rumfa, ta shigo tana tafa hannu.

"Matar yaya, ina ƙanzon Baba? Ko kin fara sayarwa ne ba mu sani ba?"

"Wane ƙanzo? Ba na kaji ba ne?"

"Kaji? Lallai! To, kazarki ga ta can a zaure ta rame."

Mai kitso ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da yamma ta tuƙa tuwo, ta bar shi a wuta da gangan, ta zauna tana gadi ko zai kama. Ina! Tukunyar ta yi aikin da aka saye ta dominsa. Ta aika a nemo tsohuwar, aka ce ai tuni maƙera sun narkar da ita. Tsoho kuwa ba zai jira sai an tara kuɗin wata tukunyar ba. Washegari da sassafe aka ga matar da tukunyarta ta fi ta kowa tsada a unguwa ta yafa mayafi, ta ɗauki ƙwarya, tana bin gidajen da suka zo mata kallo ɗaya bayan ɗaya tana sallama, tana cewa don Allah a sam mata ƙanzo.

Ita ma'aikaciyar asibiti har gobe tana soya ƙwanta lafiya lau, tana sa wa tukunyarta albarka, kuma gaskiyarta ce. Saboda haka kafin ki kunce bakin zani, ki fara duba abin da ake dafawa a gidanki da wanda ke cinsa. Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.