Taku na Tara

Bakin zanin kakata, Inna Kande, yana jan ƙasa, amma doka ta hana a taɓa ta. Wata shida ke nan tana gashin ƙafa a asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki. Yau in ta yi taku goma gaban na'urar da ke rubuta sakamakon gwaji za ta koma gida. In ta faɗi, sai gidan tsofaffi.

Ta yi takwas sai yayan mijinta, Malam Tanimu, ya shigo dubiya. Inna ta durƙusa.

"Malam, ina kwana?"

"Ta faɗi," in ji na'urar.

"Gaisuwa ce fa," na ce wa jami'in da ke kula da na'urar.

"Ba ni ke rubutawa ba, 'yar'uwa."

Malam Tanimu ya ajiye ledar lemonsa a kan benci, ya fita.