Mazaunina a Motar Baba

Baba makanikin jirgin ƙasa ne, kuma in ya kafe ya kafe. Da ya sami ƙaramar motar da wani Bature ya bari, sai ya dasa mata injin babbar mota. Ya yi mini alkawarin ranar gwaji da ni za a Bosso.

Ranar tun azahar na ci kwalliya, na shige baya. Ashe injin ya rinjayi gaba. Bayan motar ba nauyi, ƙafafun baya suka yi ta juyawa a banza, sai ƙaurin roba.

Baba ya leƙo ya ce, "Sauko, uwata, ba ki da nauyi."

Ya ɗora dutsen niƙan Inna a mazaunina, suka tafi.

Yau jikoki ke yawo da ni a mota, amma har gobe ban yafe wa dutsen nan ba.