Rigar Fatar da Ba a Wankewa

Allurar Wilf baduku ta shiga kafaɗar rigar, ta fito da guntun fata a bakinta. Ya matsa gefe ya sake gwadawa, nan ma ta yage kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Sai ya ajiye allurar ya dubi Lofty, mutumin da tsawonsa ya jawo masa wannan laƙabi mai nufin dogo, wanda sai ya sunkuya yake shiga shagon.

"Fatar nan ta mutu, mutumina. Ko ka bar ni in sa mata sabon baya, ko ka kai ta coci a yi mata addu'a a binne."

Lofty bai yi dariya ba. Ya ce sabuwar fata warinta daban ne, a dai lallaɓa tsohuwar. Shi dama ba mai magana ba ne, ran da ya jera kalmomi kaɗan sai mutanen ƙauyen su ce yau ya cika su da surutu. Wilf ya yi tsaki, ya manna ƙyalle ta ciki, ya ce ba za ta ga wani sanyin ba.

Rigar matuƙan jirgin saman yaƙi ce, ta fatar tunkiya, ulun daga ciki, da ƙaton wuya mai rufe kunnuwa. Yaƙin ya daɗe da ƙarewa, kuma duk faɗin tsaunukan Yorkshire na ƙasar Turawa da wuya a sami irinta da ta ga gata kamar wannan. Ba ya rataye ta a ƙusa, don nauyinta zai ja kafaɗun. Shimfiɗe ta yake a kan gado, nesa da murhu. In ruwa ya taɓa ta sai ya bar ta ta sha iska a inuwa, sannan ya shafa mata maiƙon ulu da yatsa, ya taje cikin a hankali yana neman asu. Hannayenta sun yi masa gajarta, amma bai taɓa yarda a ƙara musu ko kamu ɗaya ba.

Duk wannan wahala saboda tsohuwa Hilda ce, mai gonar tumakin da ke saman ƙauyen. Idanunta sun tafi tun lokacin yaƙi, kunnen ma saura kaɗan. A shekarar babbar dusar ƙanƙara Lofty ya turo ƙofar kicin sanye da rigar, ta laluba ta kama hannunta, ta kai hanci, ta fashe da kuka tana cewa ɗanta Clifford, mai rigar, ya dawo. Mijinta, wanda yake da rai a lokacin, yana zaune bakin wuta, ya sunkuyar da kai. Tun daga ranar Lofty bai sake shiga wurinta ba tare da rigar ba. Ko da tsakiyar zafi ne haka zai saka ta ya kai mata shayi, zufa na bin bayansa, ita kuwa ta shafa ulun wuyan kafin ta karɓi kofin.

Nas ɗin da ke zuwa duba ta ta taɓa ɗaukar rigar da yatsu biyu, ta ce wannan abu wari yake, a kai gari a wanke. Ranar ce kaɗai aka ji Lofty ya ɗaga murya. Baiwar Allah ta saki rigar ta ja da baya, ba ta ƙara ba.

Tsoronsa ɗaya ne, kuma kullum da shi yake tashi: kada rigar ta riga tsohuwar tafiya.

Da kaka ta shigo Hilda ta daina cin abinci. Wata rana da la'asar nas ta fito daga ɗakin ta ce masa ya aika a kira limamin coci. Ya zura rigar a hankali, hannu ɗaya bayan ɗaya, ya shiga. Tsohuwar ta zame daga matashi, numfashi yana yi mata wuya. Ya sunkuya ya ɗago ta, sai ji ya yi ƙyat! Bayan rigar ya tsage daga wuya har ƙugu.

Ya sandare a wurin. Hannunta da ke bayansa ya bi tsagar, ya shige ciki, ya tarar da ƙashin kafaɗarsa. Hawaye suka zubo masa, ya shiga cewa zai gyara, Mama, gobe zai gyara.

"Cire ta, ɗan nan," ta ce. "Zafin da ka sha ya isa haka."

Ya ƙi motsi. Ta ja hannun rigar da ɗan ƙarfin da ya rage mata, har ya zare ta ya bar ta ta faɗi ƙasa. Ta kama wuyan hannunsa tsirara ta riƙe gam.

"Da kiwo na tsufa. In ɗan tunkiya ya mutu, feɗe shi muke yi mu ɗaura fatar a jikin maraya, mu kai wa uwar. Maza sai su yi ta murna wai sun yaudare ta. Ina! Ta sani sarai. Nono ne ya cika mata, ga kuma mai jin yunwa a gabanta." Ta huta, ta jawo numfashi. "Clifford ɗina yana ƙasan teku. Kai fa, wane suna uwarka ta raɗa maka?"

Ya kai baki kunnenta.

"Reinhold," ya ce, sunan da rabonsa da jin an kira shi da shi tun ranar da motar fursunonin yaƙi 'yan Jamus ta sauke shi a ƙofar gonar nan, don ya yi aikin ɗan gidan, wanda mutanensa suka harbo jirginsa.