Rukunin Waɗanda Ba Sa Sha

"Na'urarku maƙaryaciya ce!" Alhaji Mahmudu ya daka wa ɗansa tsawa a gaban 'yan majalisarsa.

Dakta Jinaidu ya sunkuyar da kai. Binciken digirinsa ne ke shirin rushewa. Ya kai mashaya burkutu daga Rijau asibitin koyarwa, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu. Yana buƙatar waɗanda ba su taɓa sha ba don kwatantawa, sai mahaifinsa ya haɗa shi da dattawan majalisar nan, Alhajin ma ya shiga cikinsu. Da aka fitar da matsakaicin awon kowane rukuni, babu bambanci. Ƙwaƙwalwar duka rukunin biyu ta motse, kamar yadda giya ke sa ta.

"Wato mu da 'yan giya ɗaya ne? A garin nan na Kontagora?"

"Baba, malamaina sun ce ko dai na tafka kuskure a lissafi, su kayar da ni, ko kuma rukunin biyu ɗaya ne."

"Mai sauƙi! A kawo Alƙur'ani, kowannensu ya dafa ya rantse bai taɓa sha ba."

Aka kawo. Malam Na'inna, mai cika unguwa da wa'azi, ya tuna jikansa ba lafiya. Abdulƙadiri tela ya shiga laluben takalmi. Kafin a jima tabarma ta zama wayam.

"Baba, ko kai kaɗai ka dafa, zan iya ɗaga kaina."

Alhaji ya dubi Alƙur'anin.

"Mayar da shi ciki," ya ce a hankali. "Ba ni da alwala."