Kwanon Kawu Ɗanjuma

Wata la'asar a Nasarawa Burkullu, Inna ta miƙo mini fura a kwanon da ba a wankewa tare da namu.

"Ki kai ma Kawunki Ɗanjuma, ki aje ki dawo. Shi ya maida kanshi saniyar ware."

Na same shi bayan rumbu, ƙudaje sun rufe gyambon ƙafarsa, yana wari kamar jiƙaƙƙiyar fata. Ya matsa, ya kakkaɓe mini gefen tabarma.

"Zamna, ɗiyata, mu sha tare."

Na toshe hanci na gudu.

Har yau idan aka ce wani ba ya son mutane, Kawu Ɗanjuma nake tunawa. Saniya ba ta ware kanta daga garke. Janye ta ake yi a ɗaure can gefe, kuma ran nan da hannuna a igiyar.